Sauyin agogo a lokacin zafi: shin yana rage cin wutar lantarki?

Mai hulɗa da Faransa ya san cewa daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, agogon Paris yana gaban na Yamai da awa ɗaya, a sauran watanni kuwa daidai suke tafiya. Dalili shi ne ƙasashen Turai suna tura agogonsu gaba a lokacin zafi, domin jama'a su tashi da wuri, su mori hasken maraice, a jinkirta kunna fitilu.

Jamus ce ƙasar da ta fara wannan tsari a 1916, don tsimin kwal a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Faransa ta komo gare shi a 1976, bayan tsadar man fetur ta 1973. A wancan zamani hujjar tana da ƙarfi, saboda fitila ce ke cin kaso mai yawa na wutar gida.

Da aka zo awo, sai ribar ta kasance kaɗan. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta bayyana a 2008 cewa makonni huɗu da aka ƙara wa tsarin a 2007 sun rage cin wuta da kimanin rabin kashi ɗaya cikin 100 a kowace rana. Abin da ya faru a jihar Indiyana ya fi ba da haske. Kafin 2006 wasu yankunanta ne kawai ke sauya agogo, daga baya aka tilasta wa kowa, don haka masu bincike suka samu damar kwatanta takardun kuɗin wuta na gidaje kafin sauyin da bayansa. Cin wuta bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi da kusan kashi 1 cikin 100. Abin da aka tsimi a fitila, na'urar sanyaya ɗaki ta cinye, tun da mutane suna komowa gida rana na da sauran zafi. Yanzu da ƙwayayen LED suka yawaita, ɗan abin da ake samu ta wajen fitila ya ƙara ƙanƙancewa.

Majalisar Tarayyar Turai ta kaɗa ƙuri'ar daina sauyin a 2019, amma ƙasashen ba su daidaita kan lokacin da za a tsaya a kai ba. Meziko kuwa ta soke shi a yawancin ƙasar a 2022.

A Nijar tsarin ba shi da abin kamawa. Yinin Paris yana tashi daga wajen awa 8 a Disamba zuwa 16 a Yuni. Na Maraɗi, Tawa ko Damagaram bai wuce tsakanin awa 11 da 13 ba duk shekara. Matsin wutarmu yana zuwa ne a Afrilu da Mayu, lokacin da fanka da firji ke aiki dare da rana, kuma matsar da agogo ba ya rage zafin bazara.