Shekara talatin ana neman kuskuren da babu shi

Duk malamin da ya koyar da cewa zafin rana daga haɗewar ƙwayoyin haidurojin yake fitowa, wata rana wani ɗalibi zai tambaye shi: wa ya shiga ya gani? Hans Bethe ya yi bayanin a 1939, amma a takarda kawai.

Shaidar da ake nema ita ce niyutirino, wata mitsitsiyar ƙwaya da wannan haɗewa ke haifarwa a tsakiyar rana, mai ratsa duwatsu da jikinmu kamar babu su. Don ya kama ta, Ray Davis ya sauka mahaƙar zinariya ta Homestake a Amurka, kusan mita 1500 ƙarƙashin ƙasa, ya cika tanki da tan 615 na ruwan wankin tufafi mai kulorin. Jefi-jefi niyutirino kan mai da ƙwayar kulorin guda ta zama argon, shi kuma ya tsamo ya ƙirga. Ƴan ƙalilan a wata guda!

Tun daga 1968 ƙidayarsa ta tsaya wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da abokin aikinsa John Bahcall ya lissafa. Masana suka yi ta cewa lalle ɗayansu ya yi kuskure. Kowanensu ya sake duba aikinsa, bai janye ba.

Sai a 2001 da 2002 wani gwaji a Sudbury ta Kanada ya raba gardama: niyutirino iri uku ne, suna rikiɗa kafin su iso duniya, tankin Davis kuwa iri ɗaya yake kamawa. Da aka haɗa ukun, jimillar ta dace da lissafin Bahcall. Davis ya karɓi kyautar Nobel a 2002 yana da shekara 88. Bahcall bai samu ba, kuma ni dai ina ganin an tauye shi.