Tarihin gatari da icce a ƙasar Tasawa da Mayahi



A taron ƙungiyarmu da ya wuce an kawo maganar ɗan kasuwan da ya zo da injin yankan icce, yana taya gawo da ƙiryar da ke gonakin yamma da gari. Wasu sun ce a sayar, tun da bana rumbuna ba su cika ba. Wasu sun ce a'a. Aka tashi ba a tsai da shawara ba. Kafin mu sake zama, na ga ya kamata in tuna mana yadda aka yi da icce a ƙasar nan tun zamanin kakanni, don kowa ya yi magana da sani.

1. Lokacin da daji ya fi gona yawa

Da yawa daga garuruwanmu gatari ne ya kafa su. Mutum ya taso da iyalinsa, ya sari daji, ya gina rijiya, wurin ya ɗauki sunansa. Shi ya sa muke da Gidan wane da Garin wane ko'ina. In gona ta gaji sai a bar ta saura shekaru, sabara da kalgo da geza su sake rufe ta.

Kayan aikin kuwa duk na gida ne. Maƙeri shi ke ƙera gatari, da gawayin ƙirya yake hura wutarsa. Masassaƙi da gizagonsa yana fid da turmi da taɓarya da akushi. Makiyayi yana sassabo wa dabbobinsa ganye da barandami. Iccen girki ba abin sayarwa ba ne a ƙauye, mata da yara ke tsinto busasshe a bakin gari. Amma ko a lokacin an san darajar gawo. Har yau ana ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1884, cewa ya hana saran gawo, ya sa horo mai tsanani ga wanda ya taɓa shi.

2. Zamanin Nasara

A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar nan da ɓarna, shugabanninta biyu suka hallaka wajen Maijirgi. Bayan haka Faransawa suka zauna. Tasawa ta zama mazaunin kwamandan, har 1927 da aka mai da shi Maraɗi.

Abu biyu suka sauya daji a wannan zamani. Na farko haraji. Da aka ce sai an biya da kuɗi, talaka ya koma noman gyaɗa, gyaɗa kuma tana son sabon wuri. Na biyu doka. Ran 4 ga Yuli 1935 aka fid da dokar daji ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Dokar ta ce dajin da ba shi da mai shi na gwamnati ne, ta keɓe gandun daji, ta kuma hana taɓa wasu itatuwa sai da izini. Daga nan icce ya fara fita hannun gari yana komawa hannun ma'aikata.

3. Gyaɗa, garma da fari

Mun sami ƴancin kai a 1960, amma aikin daji bai sake hanya ba. A 1962 aka kafa SONARA don sayen gyaɗa. Malaman gona suka riƙa koya wa mutane cewa gonar kirki ita ce wadda aka tumɓuke kututturanta, don garmar shanu ta wuce ba cikas. Jama'a ta ƙaru, gona ta haɗe da gona, saura ta ɓace.

Sai ga farin 1973 da 1974. Makiyaya suka sassabe rassa don ceton dabbobi, manoma suka shiga sayar da icce don sayen hatsi. Ran 4 ga Maris 1974 aka fid da sabuwar dokar daji, ta sa gawo cikin itatuwan da aka kare. Niyyar mai kyau ce, amma ga abin da ta haifar. Mahaifina ya ba ni labari cewa wata shekara ya sare reshen gawon da ke tsakiyar gonarsa don ya yi dirkar rumbu, wani ma'aikaci ya gani, ya ci shi tara, sai da aka sayar da akuya. Daga ranar, in ya ga ɗan gawo ya tsiro, sai ya fid da shi tun yana ƙarami. Ya ce ba zai rainon abin da zai jawo masa sammaci ba. Haka manoma da yawa suka yi.

Wanda ya ci ribar dokar shi ne ɗan kasuwan birni. Shi ke da kuɗin yankar takardar izini, shi ke da babbar mota. Sai ya ɗauki masu sara, ya ba su ɗan abin da za su ci, su kwana a daji da gatura, ya biya su a kan lodi. Motar ta tafi birni, garin da aka sari dajinsa bai ga ko dala ba. A gida kuma mata suka koma girki da kara da kashin shanu, watau abin da ya kamata ya zama takin gona shi ke shiga murhu.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin dashe. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen icce. Samariya ta dasa dogon yaro a bakin hanyoyi da filayen lakwal, ga su nan muna shan inuwarsu. Amma wanda aka dasa a daji, ba shinge ba mai ban ruwa, yawancinsa awaki da rani suka cinye.

4. Shekarar 1984

Yunwar 1984, wadda dattawa ke kira El-Buhari, ita ta buɗe idon kowa. A watan Mayu na shekarar, zamanin Seini Kunce, aka yi babban taro na ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, aka yarda cewa aikin ba zai yiwu ba sai da hannun talakawa. A wannan lokaci aka fara yaɗa murhu mai cin icce kaɗan, kamar Mai Sauƙi.

Tun 1983 wani malamin gona ɗan Ostireliya da ke aiki a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsiron da muke sharewa kowace bazara ba ciyawa ba ne. Itatuwa ne da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. In aka zaɓi tsiro biyu zuwa biyar masu ƙarfi a kututture, aka rage sauran, aka yi musu aski, sai su miƙe da sauri fiye da dashe, domin saiwar ta riga ta yi nisa. Wannan shi ne sassabin zamani. An fara shi da ba da abinci a bakin aiki, kuma da abincin ya ƙare mutane da yawa sun sake sare nasu. Amma waɗanda suka bari sun sami iccen girki da na rufi, iska ta daina binne musu shuka. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Adda da gatarin da suka cinye daji su ne suka mai da shi.

5. Doka ta juyo wajen gari

Ran 21 ga Agusta 1992 aka fid da dokar kasuwannin icce na karkara. Gari ke da masu saransa, a ƙayyade abin da za a sara a shekara, a tara shi wuri ɗaya, a auna da siter, watau tari mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi. Ɗan kasuwa ya zo ya saya, harajin kuma a raba tsakanin gari da ƙaramar hukuma da baitulmali. Haka aka tsara dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi. Dokar karkara ta biyo baya a 1993, sabuwar dokar daji ran 8 ga Yuni 2004, sannan dokar 30 ga Yuli 2020 wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan iccen da ya raina a gonarsa.

A namu yanki dukiyar ita ce goribar Gulbin Kaba. A farkon shekarun 2000 aikin gyaran dazuzzuka na PAFN ya kafa wuraren sayar da kaba a ƙasar Mayahi. Masu bincike sun nuna cewa yawan yankar kaba tun tana ƙasa shi ke hana ta zama goriba, ga tsofaffin kuma ana sarewa don azara. Masana sun ƙiyasta cewa sassabin zamani ya mai da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar, yawancinsu a jihohin Maraɗi da Damagaram. A Ɗan Saga, ƙasar Agye, kwamitin gari ne ke tsaron itatuwan gonaki.

6. Abin da ke gabanmu

Ƴan uwa, ban manta da rumbunan da ba su cika ba, nawa ma yana cikinsu. Amma mu duba. Babbar ƙirya tana ɗaukar mai gatari wuni, inji kuwa kafin a sha furar hantsi ya kwantar da ita. Gawon da ake tayawa ya girmi yawancin ɗaliban da nake koyarwa. Shi ke zubar da ganye da damana ya bar hatsi ya sha rana, shi ke ba dabbobi ƴaƴa da rani. Kuɗinsa na wata ɗaya ne.

Ga shawarata. Kada kowa ya karɓi kuɗi sai an ga takardar izinin mai injin, domin gawo na cikin itatuwan da doka ta kare. A sayar da rassa da busasshen icce, a bar uwar a tsaye. A tara iccen wuri ɗaya, gari ya sa farashi da baki ɗaya. A kafa kwamitin tsaro, a sa mata a ciki, su da ke neman iccen girki, a sa makiyaya, su da ke bi da dabbobi. Ƴan babban aji kuma a shirye suke su taya mu ƙirga itatuwan kowace gona, a rubuta a littafin ƙungiya.

Kowa ya zo taro da nasa ra'ayi. Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.