Yadda Najeriya ta koyi gadin kuɗin agaji

Farin da ya afka wa arewa a 1972 da 1973 shi ya tilasta wa gwamnati kafa hukumar agaji ta farko, NERA, a 1976. Aikinta karɓar kaya da rabawa ne kawai, ba a cika tambayar inda buhu ya sauka ba. A 1981 aka ƙirƙiro asusun kula da muhalli domin zaizayar ƙasa, ambaliya da kwararowar hamada, sai NEMA ta gaji NERA a 1999. A ɓangaren yaƙi da cin hanci, ICPC ta biyo baya a 2000, EFCC kuma a 2003.

Abin da ya sa kuɗin agaji ke da sauƙin ci shi ne gaggawa. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta yarda a ba da kwangila kai tsaye idan bala'i ya auku, kuma da hujja, domin mai jin yunwa ba ya jiran takarar 'yan kwangila. Amma ta wannan ƙofa ɓarna ke shigowa. Wanda aka yi abin dominsa kuma yana zaune a tanti, ba shi da bakin magana.

Shari'ar Joshua Dariye ta nuna tsawon hanyar. A 2018 kotu ta ɗaure tsohon gwamnan Filato shekara 14 kan karkatar da fiye da naira biliyan ɗaya na asusun muhalli, kuɗin da aka fitar tun 2001. An rage hukuncin zuwa shekara 10, sannan aka yi masa afuwa a 2022. A ganina afuwar nan ta yi wa yaƙi da cin hanci illa ƙwarai.

Rikicin Boko Haram ne ya fito da girman matsalar fili. A 2016 kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin Shehu Sani ya tono kwangilar cire ciyawa a Yobe, wadda ta ci kujerar sakataren gwamnatin tarayya Babachir Lawal a 2017, kodayake kotu ta sallame shi a 2022. A watan Yunin 2017 ofishin mukaddashin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya amsa cewa ana karkatar da fiye da rabin motocin abincin da ake tura wa 'yan gudun hijira, aka sa jami'an tsaro su riƙa raka su har sansani. Sai kuma Oktoban 2020, lokacin da jama'a suka fasa rumbuna a Jos da wasu garuruwa, suka tarar da buhunan tallafin korona jibge har rufi, wata da watanni bayan kulle.

Daga nan hankali ya karkata ga biyan mutum kai tsaye: rajistar masu ƙaramin ƙarfi, lambar BVN da NIN, da asusun gwamnati na bai-ɗaya. Wannan ya rage sunayen bogi, sai dai ya bar tsohuwar da ambaliya ta tafi da katinta a wajen layi. Bai kuma rufe ƙofar sama ba. A Janairun 2024 Shugaba Tinubu ya dakatar da ministar jinƙai Betta Edu kan umarnin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wata ma'aikaciya, kuma takardar da ta ɓulla a kafafen sada zumunta ce ta fara tona zancen.