Tarihin Sana'ar Acaba a Ƙasar Hausa

Sana'ar acaba, wato ɗaukar fasinja da kaya a kan babur don kuɗi, ba ta daɗe a ƙasar Hausa ba, sai dai keke ne ya share mata hanya. Kafin zuwan Turawa jaki ke yi wa talaka dako, doki kuwa sai sarakuna da masu hali. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano ta Zariya a 1911, kamfanonin Turawa suka riƙa shigo da kekuna, Raleigh ya fi sauran suna. A kan keke mutane suka saba da goyo, da ɗaure buhu a kariya, da kai faci.

Babur ya yaɗu ne a zamanin da kuɗin man fetur suka bunƙasa. Ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975 ya ba malaman makaranta da ƙananan ma'aikata halin sayen Honda da Yamaha da Suzuki da Vespa. A lokacin babur abin hawan mai shi ne, in ya goya wani ma alfarma ce.

Matsin tattalin arziki ne ya mai da shi abin neman abinci. Daga 1986, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari masu haya, masana'antu a Kano da Kaduna suka shiga rage ma'aikata. Wanda aka sallama, da wanda albashi ba ya kai shi ƙarshen wata, suka fito da baburansu bakin titi. A Kano da Zariya ana ce wa sana'ar acaba, a Sakkwato da Nijar kabu-kabu, a kudancin Najeriya okada. Bayan shekarar 2000 babura masu araha suka shigo, Jincheng daga Sin, Bajaj Boxer daga Indiya. Masu kuɗi suka riƙa saya suna ba matasa, yaro ya kawo balas kullum da yamma, 'yan siyasa kuma suna rabawa lokacin zaɓe.

A karkara aikin ya fi na birni nauyi. A ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, inda ake noman rake da tumatir da masara, yawancin gonaki ba sa bakin kwalta. Fasinjan da mota ta sauke a Tashar Yari, a kan titin Zariya zuwa Kano, ko mai zuwa ƙauyuka irin su Janfalan, sau da yawa babur ke ƙarasa da shi, balle da damina in hanya ta caɓe. Ɗan acaba kan ɗaure buhu biyu a baya da igiyar roba, ya ɗora na uku a kan tanki, ya zauna a ɗan abin da ya rage, yana dogara ƙafa a ƙasa duk inda rairayi ya yi yawa. Shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke kai taki gona. Bakanike da mai faci da ɗan bumburutu duk a jikinsa suke ci.

A birane kuwa haɗurra da rashin tsaro suka jawo wa sana'ar dokoki. An hana ta a cikin Abuja a 2006. A 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sa hular kwano, har aka ga wasu 'yan acaba sun kifa ƙwarya a ka. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana goyo a babur a cikin birnin. Adaidaita sahu mai ƙafa uku ta maye gurbin, wasu 'yan acaba kuma suka koma garuruwan da dokar ba ta shafa ba.

Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ninka farashin fetur kusan sau uku, hankali ya karkata ga babur mai aiki da lantarki. Kamfanonin da ke aiki a Afirka, irin su MAX da Spiro, sun kama abin da ya fi damun ɗan acaba, wato kuɗin mai: suna ba da babur mai batir, in caji ya ƙare a musanya da cikakke a tasha. Yaɗuwarsa zuwa ƙauyukan arewacin Kaduna ta rataya a kan samun tsayayyar wuta ko ta hasken rana, da bakaniken da ya iya gyaransa, da ƙarfin ɗaukar buhu uku a hanyar burji.