Royal Rumble: kokowar mutum 30 da ke buɗe hanyar WrestleMania

Royal Rumble gasar kokowa ce da kamfanin WWE na Amurka ke shiryawa sau ɗaya a shekara, a ƙarshen watan Janairu ko farkon Fabrairu. Tana cikin irin kokowar nan ta nishaɗi da masu kallo a Nijar da Kamaru da Chadi suka sani da sunan kach, a Najeriya da Gana kuma ake ce mata resilin. Gasar ta samo sunanta daga babban wasan da ake yi a daren, inda 'yan kokowa 30 ke shiga fage ɗaya bayan ɗaya, kowa na neman wurgo ɗan'uwansa waje, har a rage mutum guda. Tun da daɗewa ake lissafa ta cikin manyan bukukuwa huɗu na kamfanin, tare da WrestleMania da SummerSlam da Survivor Series.

Asalinta

Tun kafin a san Royal Rumble akwai wasan turereniya, inda ake zuba 'yan kokowa 20 ko fiye a fage lokaci guda. Matsalar wannan tsari ita ce cunkoso, domin ɗan kallo ba ya iya bin abin da ke faruwa sai mutane sun ragu. Pat Patterson, tsohon ɗan kokowa haifaffen Montreal a Kanada, wanda ya koma mai tsara wasanni a kamfanin, shi ya kawo shawarar a riƙa shigo da mutane ɗaya-ɗaya, ta yadda kowane zai samu nasa lokacin.

An nuna gasar a talabijin karo na farko ranar 24 ga Janairun 1988, daga birnin Hamilton na Kanada. Mutum 20 suka shiga, Jim Duggan ya yi nasara. A 1989 aka ƙara yawansu zuwa 30, aka kuma mayar da ita bikin da sai an biya kuɗi ake kallo. A lokacin sunan kamfanin WWF, sai a 2002 ya koma WWE.

Yadda ake wasan

Mutum biyu ne ke farawa, wato masu lamba 1 da 2. Daga nan, duk bayan wani ɗan lokaci, yawanci daƙiƙa 90 ko minti biyu, sai 'yan kallo su ƙirga daga goma zuwa ɗaya, ƙararrawa ta kaɗa, a saka kiɗan wanda zai shigo. A mafi yawan lokuta jama'a ba su san wanda ke tafe ba sai sun ji kiɗan. Haka ake yi har mai lamba 30 ya shigo.

Hanyar fitar da mutum ɗaya ce: a jefa shi ta saman igiyar sama, ƙafafunsa biyu su taɓa ƙasa a wajen fage. Danne mutum a ƙirga uku ba ya aiki a nan, haka ma murɗe shi har ya miƙa wuya. Wanda ya fita ta ƙarƙashin igiya yana nan cikin wasa. Wanda ƙafarsa ɗaya kawai ta taɓa ƙasa shi ma bai fita ba. Wannan ƙa'ida ce ta ceci Shawn Michaels a 1995, lokacin da abokin karawarsa ya ɗauka ya gama da shi har ya fara murna, sai Michaels ya komo ya ture shi waje. Shi ne kuma mutum na farko da ya shiga da lamba 1 ya ci gasar.

Abin da ake nema

A shekarun farko suna kawai mai nasara ke samu. A 1992 aka sa kambin kamfanin, wanda ba shi da mai riƙe da shi a lokacin, ya zama ladan gasar. Ric Flair ya shiga da lamba 3, ya yi kusan awa guda a fage, ya ɗauke shi. Daga 1993, shekarar da Yokozuna ya ci, aka tsayar da al'adar da ake bi har yau: wanda ya yi nasara zai kara da mai riƙe da kambin duniya a WrestleMania, bikin da ya fi kowane girma, wanda ake yi a watan Maris ko Afrilu. An sake sa kambin kansa a cikin wasan a 2016, inda Triple H ya karɓe shi daga hannun Roman Reigns.

Da gaske ne ko shiri?

Mai karatu da ya saba da kokowar gargajiya, irin gasar takobi da ake yi a Nijar tun 1975, ya san cewa a can ƙarfi da dabara ne ke raba gardama, ba wanda ya san mai kayarwa sai an yi. A WWE abin ba haka yake ba. Masu tsara labari ne ke yanke wanda zai ci da jerin yadda za a fitar da mutane tun kafin a shiga fage. Kamfanin da kansa ya faɗi haka a gaban 'yan majalisar jihar New Jersey a 1989, inda ya bayyana sana'arsa a matsayin nishaɗi, don ya fita daga ƙarƙashin dokokin hukumar wasanni.

Sakamakon ne shiri, amma faɗuwar da ciwon na gaske ne. Mutum mai nauyin kilo 100 da aka jefo daga saman igiya, jikinsa ne ke sauka a ƙasa, shi ya sa ake shafe shekaru ana koyon yadda ake faɗuwa. Kamfanin ya daɗe yana gargaɗin masu kallo da kada su gwada abin da suka gani a gida ko a makaranta, kuma gargaɗi ne da ya kamata iyaye su riƙa maimaita wa yara.

Wani lokacin kuma shirin kan ƙwace. A 2005 John Cena da Batista sun faɗo waje a tare ba da niyya ba. Shugaban kamfanin na lokacin, Vince McMahon, ya taho a fusace don ya warware rikicin, wajen shiga fage ya yage naman cinyarsa, ya ba da umarnin a sake wasan yana zaune a ƙasa. Batista ya ci.

'Yan kallo su ma suna da ta cewa. A 2014 sun yi ta ihun ƙin amincewa saboda ba a sa Daniel Bryan cikin wasan ba. Matsin ya yi yawa har kamfanin ya sauya labari, ya saka shi a babban wasan WrestleMania na shekarar, ya kuma ba shi kambin.

Waɗanda suka kafa tarihi

Steve Austin ne kaɗai ya ci gasar sau uku, a 1997 da 1998 da 2001. Hulk Hogan ya ci a jere a 1990 da 1991, Shawn Michaels a 1995 da 1996, Cody Rhodes a 2023 da 2024. A 1994 Bret Hart da Lex Luger sun faɗo tare, aka ba su nasarar su biyu. Rey Mysterio ya shiga da lamba 2 a 2006, ya yi minti 62 kafin ya ci. Gunther, ɗan ƙasar Ostiriya, ya zarce shi a 2023 da fiye da minti 71, ko da yake shi ne na ƙarshe da aka fitar. A 2020 Brock Lesnar ya fitar da mutum 13 shi kaɗai. Santino Marella kuwa bai cika daƙiƙa biyu a fage ba a 2009 Kane ya yi waje da shi. A 2011 an gwada mutum 40, Alberto Del Rio ɗan Meziko ya ci, daga baya aka koma 30.

Gasar mata

Mace ta farko da ta shiga wasan maza ita ce Chyna, a 1999. Sai a 2018, a birnin Philadelphia, mata suka samu nasu wasan na mutum 30 da ƙa'idoji iri ɗaya, inda Asuka 'yar Japan ta yi nasara. Tun daga nan wasa biyu ake yi a dare guda. Rhea Ripley ta ci daga lamba 1 a 2023, Charlotte Flair kuma ta zama mace ta farko da ta ci sau biyu, a 2020 da 2025.

'Yan Afirka a fagen

Ɗan Afirkan da sunansa ya fi haɗuwa da wannan gasa shi ne Kofi Kingston, haifaffen Kumasi a Gana. Bai taɓa cin ta ba, amma an san shi da dabarun kuɓuta. A 2012 ya yi tafiya a kan hannuwansa zuwa matakalar fage don kada ƙafafunsa su taɓa ƙasa. A 2013 ya hau kujerar mai sharhi yana tsalle da ita har ya koma. A 2014 ya dirko daga shingen 'yan kallo zuwa bakin fage. A 2019 ya zama haifaffen Afirka na farko da ya riƙe kambin WWE. Omos, dogon ɗan kokowar nan haifaffen Legas, shi ma ya shiga gasar.

Fita daga Amurka

A watan Afrilun 2018 an yi wani wasa na musamman a Jidda mai suna Greatest Royal Rumble, da mutum 50, wanda Braun Strowman ya ci. Shi ne farkon yarjejeniyar shekara goma tsakanin WWE da Saudiyya. Ba a bar mata sun yi wasa a wannan biki ba, kuma masu kare haƙƙin ɗan Adam sun soki yarjejeniyar, suna cewa masarautar na amfani da wasanni don gyara sunanta. Daga 2019 aka fara wasan mata a can, cikin tufafin da suka rufe jiki. A ƙarshen Janairun 2026 aka kai ainihin gasar ta shekara-shekara Riyadh, karo na farko da ta bar Arewacin Amurka.

Ga masu kallo a yankinmu, wurin da aka yi gasar na da tasiri kan lokaci. Idan a Amurka ne, dare ya yi nisa a Yamai da Njamena da Garwa kafin a fara, kuma wasan kan kai har goshin asuba. Riyadh kuwa awa biyu kawai ta riga waɗannan birane, awa uku ta riga Akara.