Matuƙan jirgin Faransa a Sayi, 1896

Idan ana batun shigowar Turawan mulkin mallaka Nijar, galibi mukan fara da ayarin Voulet da Chanoine na 1899. Muna ganin a nan akwai gyara, domin sojan ruwa sun riga su.

A watan Janairu na 1896, Émile Hourst, hafsan sojan ruwan Faransa, ya taso daga Tumbutu da jirage uku, babbansu Davoust, wanda aka ƙera da alminiyom. Akasarin matuƙan Afirkawa ne da ake kira laptots. Da suka iso Sayi a watan Afrilu, ba su samu masauki cikin gari ba, sai suka kafa sansani bisa wani tsibiri, suka raɗa masa suna Fort Archinard. Nan suka yi kimanin wata biyar suna jiran cikowar kogi, Ahmadu Sheku na Segu da mutanensa suna kusa, ana zaman ɗar-ɗar. A watan Satumba suka gangara, suka ratsa duwatsun Busa har teku.

Hourst ya kira tafiyar binciken kogi. Amma a 1897 Faransawa suka mamaye Sayi, a 1901 kuma kyaftin Lenfant ya hauro ta wannan hanya da kayan soja.