Ruwan Komadugu da gidajenmu na ƙasa



Mu nan Diffa, ruwan da ya fi rushe mana gida ba a kanmu yake zuba ba. Damina ta wuce, hankali ya koma gonar tattasai, sai Komadugu ta cika ta batse a Oktoba ko Nuwamba. Ruwan ƙasar Kano da Bauchi ne, ya biyo kogin Haɗeja da na Jama'are, ya ratsa Gashuwa da Gaidam kafin ya iso mana. Dattawa sun san lokacinsa, sun san iyakarsa. Amma da aka gina madatsar Tiga a 1974, ga fari ya biyo baya, kogin ya janye shekara da shekaru. Mu kuwa muka bi shi da gini har cikin fadama.

A 2012 ya yi mana tuni. A Oktoban 2019 ya dawo da ƙarfinsa, mutum wajen 23,000 suka bar gidajensu, cikinsu har da waɗanda Boko Haram ta riga ta kora sau ɗaya. A 2022 ma haka.

Duk lokacin da ruwa ya janye, masu rajista kan zo su ƙirga ɗakunan da suka faɗi. Madalla, da wannan ake rabon shinkafa da tamfol. To ɗakin da bai faɗi ba fa? Shi ne abin tsoro. Bangon ƙasa daga gindi yake shan ruwa, ka gan shi tsaye ƙalau, alhali ƙasansa ya zama kunu, sai wani dare ya kwanta kan yara. Nan ne muke buƙatar masanin gini tare da maginin unguwa: su tona gindin bango, su duba itacen rufi, su ce wannan a gyara, wannan a rushe, wancan filin kuma kada a sake sa tubali a kai.

Sanin yana nan cikin ƙasarmu. Tun 1980 aka fara koya wa magina gini ba katako a Cikal, wajen Filinge, rufin tubali zalla. Sai dai rufi bai hana ruwan da ke zuwa ta ƙasa. Ga mai sake gini bana, ma'auninsa shi ne zanen da ruwa ya bari a bangon maƙwabta: a ciko ƙasa, a ɗaga tushe da bulon siminti ya wuce wannan zane, sannan a ɗora tubali.